Birki Bai Tsinke Ba

Agadas, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare min kai, Ya tsare motar da aka damƙa maka da duk wanda zai shiga cikinta. Innarka lafiya lau, ƙannenka ma haka. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan kana jinsa a waya. Abin da ke cikin takardar nan sau uku ina ɗaukar waya don in faɗa maka, sau uku ina ƙarewa da "ya aiki, ya zafi." Da na ga baki ya ƙi, sai na bar wa hannu. Zan ba mai motar da ke kai kayan miya Cirozerin, ya ce gobe da hantsi za ta kai gare ka.

Kwana uku ke nan da tafiyarka, kuma wallahi gidan ya yi min faɗi. Jiya da la'asar na dafa shayi na zuba finjali biyu, sai da na miƙa hannu gefen da kake zama sannan na tuna. Ƙanwarka Zali ta gani ta tuntsire da dariya, wai tsufa ne ya kama ni. Na kore ta, na shanye duka biyun. Ina kewarka, Sanusi. Na san ba ka saba jin irin wannan daga bakina ba, ka fi sanina da tsawa, amma ga shi na rubuta kuma ba zan goge ba.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ka ce ranar Asabar za ku tashi daga Cirozerin, kai ne za ka ja karaban ɗin masu haƙar rijiya, ɗakin nan mai ƙafafu da suke kwana a ciki, ta hanyar duwatsun Azbin har Iferwan. A kan hanyar nan akwai gangaren da mu tsofaffin masu tuƙi muke kira Wuyan Raƙumi. Akwai abin da ka koya a wurina wanda in ka yi shi a can, da wannan nauyi a bayanka, zai iya kashe ka. Ni na san haka, kuma na bar ka ka tafi ban faɗa ba.

Ka tuna ranar Lahadi da safe muna zaure, Kawu Attahir, yayan innarka, ya miƙe gurguwar ƙafarsa a kan tabarma yana ɗinka takalmi. Kana ta ɗoki, kana cewa kai ma za ka dawo daga Azbin da bidon, jarkar nan ta ajiyar mai, cike kamar yadda nake yi a zamanina. Sai ka juyo ka ce, "Baba, ko da karaban a baya ma ana sa ta fuwamor a gangare?" Wato a fitar da mota daga kowace bitesi, giya ke nan, a bar ta ta gangara da nauyinta, inji yana hutawa ba ya shan mai. Na dubi ƙafar kawunka. Na ce maka, "Wannan ai hannu ne." Ka yi dariya, ka ce to hannun ka gada. Tir da wannan amsa tawa. Amsar gaskiya ita ce a'a, ba a yi, ko da wasa ba a yi.

Zan gaya maka yadda na sani. Amma ka bar ni in fara da ƙananan kurakuraina, ko na samu ƙarfin zuciyar kai wa ga babban.

Ranar da aka fara ba ni karaban ina da shekaru kamar naka. Wasu baƙi ne masu auna duwatsu suka ɗauke ni. A bakin tasha aka ɗaura min shi, mutane sun taru suna kallo, don a lokacin ba kowa ya taɓa ganin ɗaki yana bin mota ba. Na sha ganin manyanmu suna tayar da mota marar kaya da bitesi ta biyu, gwiwar hannu a taga, ko kallon gaba ba sa yi. Na ce ni ma yau sai an san ni. Na sa ta biyu. Motar ta yi rawa kamar za ta mutu, ni kuma don kada a yi min dariya na riƙe ambiriyaj, kulocin nan, rabi da rabi, na danna mai har injin yana kuka. Ta tashi, aka yi min tafi. Kafin mu ƙetare korin Telwa, busasshen rafin nan, wani wari ya cika motar, irin na ƙonannen tsumma, ambiriyaj ya gama aiki. Kwana biyu muka yi ƙarƙashin wata ƙaya muna jiran makanisiye, ga hasumiyar masallaci can ina hango ta, kunya ta hana ni shiga gari in kwana a gida.

Don haka kai, da kaya a baya, da ta ɗaya ake tashi, ko garin duka ya fito kallo. Ka saki ambiriyaj a hankali, in ta kama ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya ka ajiye ta a ƙasa. Na lura kana son ɗora ƙafar hagu a kansa kuna tafiya, na sha buge maka gwiwa a kan haka. Ka ƙyale ta ɗaya ta ja ku har ka ji karaban ya biyo da kansa, ba fizga, sannan ka nemi ta biyu.

Na biyun a hawa ne. Ka san halina, ba na son a ce na kasa. A wancan zamanin ina jin kamar komawa ƙaramar bitesi wani irin ƙasƙanci ne, kamar na ce wa dutsen ya fi ni. Wata rana muka tunkari wani hawa mai tsawo ina ta uku, na ce za ta iya. Ta fara da kyau. Tsakiyar hawan injin ya soma nishi, sandar bitesi tana karkarwa a hannuna, allurar zafi tana hawa. Duk na gani, duk na ji, amma na ce saura kaɗan. Da na yarda in koma ta biyu lokaci ya wuce. Ina taka ambiriyaj nauyin karaban ya cinye ɗan gudun da ya rage, muka tsaya cik, sannan muka fara komawa da baya. Kawunka ne mai dafa wa tawagar abinci a lokacin, ƙafafunsa biyu garau, ya fi kowa gudu a unguwarmu. Ya yi tsalle ya fita, ya rungumo wani dutse da mutum biyu za su sha wuyar ɗagawa, ya jefa shi bayan ƙafar karaban. Ba don shi ba da mun gangara rami. Ya leƙo ta taga yana haki ya ce, "Isufu, kai da dutse wa zai fara gajiya?" Ranar nan har muka sauka yana min tsiya.

Ka zaɓi bitesinka tun kana gindin hawa, mota tana da ƙarfinta. Ka dubi hawan ka ƙiyasta, in zuciyarka ta ce ta uku, sa ta biyu. Injin da ke waƙa da ƙarfi lafiyarsa lau, wanda ke nishi ƙasa-ƙasa yana girgiza kujera shi ne ke wahala. Ka kashe kiɗan nan naka ka saurare shi. Ta biyar kuwa ka manta da ita tun da ka bar gudiron, wato kwalta, ko a kan gudiron ɗin ma sai fili ya miƙe kuma ba iska a gabanka. Haka in za ka shiga yashin kori: ka tsaya a bakinsa, ka sa ƙafa huɗu su ja, ka zaɓi ta biyu, ka shiga da ita ka fita da ita. Canji a tsakiyar yashi shi ke binne mutum, ni kaina na yi haƙa da faranti fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Na tsaya nan na yi sallar azahar, na zagaya tsakar gida, na dawo. Ba sauran ƙananan da zan ɓuya a bayansu.

Kun taso kuna jin labarin ƙafar kawunka. Ni na ba ku shi da bakina, sau da yawa, har da kwaikwayon ƙara: wai muna saukowa Wuyan Raƙumi birki ya tsinke, na yi ta fama da bolan, sitiyarin nan, har na ceci mutum huɗu, Attahir kaɗai tsautsayi ya faɗa wa. Kana yaro kana zama kusa da gwiwata, idonka waje, kana cewa in sake. Ni kuma ina sakewa, kowace shekara labarin yana ƙara kyau.

Sanusi, birki bai tsinke ba. Lafiyarsa lau da muka taso, ni na duba shi da hannuna a Iferwan.

A zamaninmu akwai wata gasa tsakanin masu zuwa Azbin. Duk wanda ya dawo Agadas sai a taru a bayan motarsa a ƙwanƙwasa bidon ɗin ajiya a ji. In ya amsa da nauyi, ba a taɓa shi ba, to kai ne gwani, har a saya maka shayi. In ya yi ƙarar wofi a yi ta maka ba'a har mako. Ba wanda ya taɓa jin nawa ya yi ƙarar wofi, kuma sirrin shi ne fuwamor a kowane gangare. Da mota ita kaɗai na saba yi. Ranar nan na ce bari in gwada da karaban, ai hannuna ya nuna.

Kawunka zazzaɓi yake yi tun safe. Ya ce zai kwanta cikin karaban don akwai katifa, na ce ya je. Wannan ma laifina ne, ba a barin rai a cikin abin da ake ja. Rana tsaka muka kai kan gangaren. Na zare bitesi, injin ya yi shiru, muka fara sulalewa, iska mai daɗi tana shigowa. Kwana ta farko lafiya. Daga nan na ji abin yana tura ni daga baya, kamar an sa hannu a ƙeyata. Na taka birki, na ci gaba da takawa, ban ɗaga ba. Tun da inji ba ya riƙe komai, birkin nan shi kaɗai ke ɗauke da mota da ɗaki da gangunan ruwa da mu duka. Ya yi zafi. Na ji warinsa, sannan na ji ƙafata tana nutsewa ba abin da ke kamawa. Na taka ambiriyaj na nemi ta biyu, ina, gudu ya yi yawa, sai gurnani take tana tunkuɗo hannuna. Na nemi ta uku, ita ma ta ƙi. A madubi na ga karaban yana kaɗawa dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. A kwana ta uku ya sha gabanmu ta gefe, ya tsinke ƙarfen da ya riƙe shi, ya kife cikin duwatsu. Mu motar ta shige yashi ta tsaya, ko ƙwarzane ba mu yi ba.

Da muka ɓalle ƙofar muka tarar gangar ruwa ta danne masa ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ce, "Isufu, kai lafiya?" Shugaban tawagar ya taɓa ƙafar motar ya ji zafi, ya ce birki ne ya ci amanarmu. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kafin mu kai shi gidan likita maganar ta zama gaskiya a bakin kowa, kafin wata ya ƙare ta zama gaskiya a bakina. Ka san abin da ya fi ci min rai? Da muka iso gari wani ya ƙwanƙwasa bidon ɗina, don sabo, ya ji shi cike.

Tun daga ranar ban sake sakin mota da kaya a baya ba. Amma da mota wofi, a ɗan gangaren nan na hanyar lambuna, hannuna yana yi da kansa, kai kuma kana gefe kana haddacewa. Sau nawa na buɗe baki in ce kada ka koyi wannan? In na faɗa za ka ce don me, in ka ce don me sai labarin ya warware. Na tsawata maka a kan madubi, a kan ruwan radiyata, a kan tofa yawu ta taga, na yi shiru a kan abu ɗaya da ya fi su duka. Ina son yadda kake kallona, shi ke nan dalilin, ba wani.

Jiya da safe na je rumfar kawunka. Na zauna ina ta kame-kame har ya ce, "Mi ya faru, ko yaron ne?" Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Ya ci gaba da huda fata da basilla, huda ɗaya bayan ɗaya, ya ma wuce inda ya kamata ya tsaya. Na ce ya yafe min. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Tawa ƙafar ta riga ta tafi. Ta Sanusi fa? Ya sani?" Na ce bai sani ba. Ya ce, "To zaman mi kake yi nan? Tashi min daga rumfa." Na tashi. Shekara da shekaru muna cin tuwo a akushi ɗaya, ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

Innarka kuma a madafa na same ta. Ta saurare ni har ƙarshe, muciya a hannunta. Ta ce, "Ni na yi jinyarsa wata bakwai, kai kana zuwa kana ba shi labarin jarumtarka." Daga nan ba ta sake ce min uffan ba. Abinci yana zuwa a kan lokaci, Zali ke kawowa. Ba na ganin laifinta, kuma kada ka sa baki a ciki, wannan tsakanina da ita ne.

Yanzu ka saurara da kyau, don wannan ne dalilin takardar. Za ka gane wurin: hanya za ta bi tsakanin wasu baƙaƙen duwatsu biyu, sai ka ga ƙasa ta ɓace a gabanka, kori yana can ƙasa fari fat. Mu a dawowa daga Iferwan abin ya same mu, amma ta wannan gefen da za ku fito ma akwai sauka. Kafin ka shiga, tsaya. Ja birkin hannu, fito, zagaya. Taɓa ƙarfen da ya haɗa ku, ja sarƙar ka ji, leƙa cikin karaban ka tabbata an ɗaure gangunan kuma ba kowa a ciki, ko shugabanku ne ya ce kansa ke ciwo. In sun yi gunaguni ka ce tsohonka ne ya sa ka, su zage ni, na saba.

Sannan ka sa bitesin da za ka hau wannan gangaren da ita in da hawa kake. A Wuyan Raƙumi ta biyu ce, in kayan sun yi nauyi ta ɗaya. Ka sa ta kana tsaye, don in ka bari sai gudu ya kama ba za ta shiga ba. Ka ɗauke ƙafa daga ambiriyaj, kada ka sake taɓa shi sai ƙasa. Injin zai yi kuka har ka ji tausayinsa, ƙyale shi, aikinsa yake, shi ke riƙe ku. Birki kuwa ka taka da ƙarfi kaɗan ka saki, ka bar shi ya sha iska, ka sake takawa. In ka ji ɗan warinsa, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ku sa dutse, ku dafa shayi har ya huce. In ka ga karaban ya fara kaɗawa a madubi, kada ka yi kokawa da bolan kuma kada ka danne birki lokaci ɗaya, riƙe ta miƙe ka bar gudun ya ragu a hankali. Mai babur zai wuce ka, mai jaki ma ya iya wuce ka yana maka sannu. Ka amsa masa. Ka ƙone man duka in ta kama, ka shiga Iferwan da bidon wofi.

Ka ganni nan, idona ya yi rauni, an karɓe min farmin tuƙi, hanyar nan ba zan sake ganinta ba. Wani lokaci in na rufe ido ina jin ƙamshin lambunan Iferwan bayan an yi ban ruwa, da sanyin da ke saukowa daga duwatsu da safe. Na so a ce ina kujerar gefenka ranar Asabar, in yi ta maka faɗa kana cije baki kamar da. Da na san haka za ka yi saurin girma da na rage tsawar.

Ban san da wane ido za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. Mutumin da kake ba abokanka labarinsa a tasha babu shi, ni ne dai, wanda ya gurgunta ɗan'uwan innarka don a ƙwanƙwasa masa bidon. In ranka ya ɓaci kana da gaskiya. Ka yi fushin, amma ka yi shi a ta biyu har ka kai ƙasa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da tsautsayi da sharrin ƙarfe, Ya raba ka da irin girman kan ubanka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka biyu. Zali da sauran ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida mutanen da kuke tare.

Abu ɗaya nake roƙo. An ce in an wuce korin da ke ƙasan gangaren, akwai wani tudu da waya ke kamawa. In ka kai nan ka kira. Ba sai ni ba, in ba ka son jin muryata tukuna na fahimta. Kira innarka ka ce mata kun sauka. Ranar Asabar ba inda zan je, zan shimfiɗa tabarma a bakin madafa, inda zan iya jiyowa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isufu